Abin Da Ya Same Ni A Wani Kamfanin Sayar Da Manyan Motoci A Abuja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake saye ina sayarwa, yau shekara talatin da 'yan kai. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Wannan ɗin ma ina faɗa ne, ɗana yana buga mini a waya. Ba zan kama sunan kamfanin da nake ƙorafi a kansa ba, domin maganarmu tana gaban hukuma, kuma lauyana ya ce in dakata. Amma abin da aka yi mini zan faɗe shi dalla-dalla, saboda na gano ba ni kaɗai ba ne.

Harkarmu ta yawo ce. Yau kana Maigatari, gobe kana Gujungu, idan kakar riɗi ta kama har Lafiya da Doma nake dangana. Shekaru sun ja, baya ya fara ciwo, ga baƙi 'yan Turkiyya da Indiya da nake ɗaukowa daga filin jirgin Malam Aminu Kano in kai su sito su ga kaya. Duk rayuwata motar hannu nake hawa, irin waɗanda muke sarowa daga Kwatano kafin a hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a farkon 2017. Sai na ce bari sau ɗaya in sayi jif sabuwa dal a leda, daga babban kamfani mai garanti, in huta da zaman gareji. Halak ɗina ne, na fitar da zakka, ban ci haƙƙin kowa ba.

A watan Mayun 2023 muka kama hanyar Abuja bayan sallar asuba, ni da ɗana da direbana. Wanda ya san hanyar nan a lokacin ya san yadda aikin titi ya mayar da ita, a karkatar da ku nan, a haɗe ku hannu ɗaya can. Sai wajen azahar muka isa, ƙura ta yi mana buɗu-buɗu. Farin yadi ne a jikina, da hula da silifas, shigar da nake yi kullum in je kasuwa. Tun daga bakin ƙofa aka fara. Maigadi ya dubi tsohuwar motarmu, ya ce mu ajiye ta a waje, sannan ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce masa babu wanda ya aiko ni, mota na zo saya. Ya yi shiru, ya buɗe mana ƙaramar ƙofa.

Ciki kuwa sai wanda ya gani. Gilashi ta ko'ina, tayil yana ɗaukar ido, sanyi kamar ka shiga firji, motoci a jere suna ƙamshin sabuwar fata. Samari huɗu ne da kwat a tsaye. Suka yi mana kallon hadarin kaji, kowa ya koma kan wayarsa. Yarinyar da ke kan tebur ta nuna mana kujera da biro, ko ɗago kai ba ta yi ba. Mun fi minti arba'in a zaune. Muna nan wani yaro da bai wuce sa'an ɗana ba ya shigo, da ɗan sanda riƙe da bindiga a bayansa. Wallahi su huɗun nan har rige-rige suke wajen tarbarsa. Ya zaga, ya shiga wannan ya fito, ya sa aka ɗauke shi hoto a jikin waccan, ya tafi bai sayi ko goge-goge ba.

Da haƙuri ya ƙare, ɗana ya tashi ya yi wa ɗayansu Turanci. Ya zo yana jan ƙafa. Na sa hannu zan buɗe ƙofar motar da nake so, sai ya dafe ta ya ce a leƙa ta gilashi, sai wanda zai saya ake buɗe wa. Duk tambayar da na yi, ɗana yake ba amsa, ni ko kallo ban ishe shi ba. Ɗana ya raɗa mini, “Baba, mu tafi kawai.” Da na bi maganar yaron nan da ban ga abin da na gani ba. Amma na riga na sha hanya, kuma raina ya kwanta da motar. Na ce ya nuna masa abin da ke asusu a waya.

Malam Edita, cikin minti biyar na zama wani mutum daban a idonsu. Wanda ya dafe ƙofa shi ne ya buɗe ta yana rusunawa. Aka kai ni ofishin manaja a bene, aka kawo shayi da dabino da ruwan roba, ana ta “Ciyaman, sannu da hanya, Ciyaman, ya Kano.” A lokacin ma abin bai yi mini daɗi ba. A Dawanau mun san mutumin da zai zo da tsohon keke ya sayi tirela biyu ta masara, ya biya nan take. Yaron shagon da ya raina mutum saboda rigarsa, a ranar ubangidansa zai sallame shi.

Launin da nake so babu shi a ƙasa. Manaja ya ce akwai ta a hanya, mako shida za ta iso, in ba da kashi saba'in cikin ɗari a kama mini ita. Aka kawo takarda mai shafi bakwai da ƙananan rubutu. Ɗana ya ce a ba mu mu je masauki mu karanta. Manaja ya yi dariya ya ce ai tsari ne kawai, kuma akwai wani babban mutum da ke son motar, idan muka kwana za ta wuce mu. Na sa hannu. Wannan kuskurena ne, kuma na ɗauka.

Ranar 29 ga watan aka rantsar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki naira, dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan makonni. Mako shida ya cika shiru. Na kira, aka ce jirgin ruwa ya makara. Mako takwas, aka ce tana tashar Legas, kwastan ne suka riƙe. Ana ta gafara sa, ban ga ƙaho ba. A mako na goma sha ɗaya su da kansu suka kira ni, karo na farko, don su gaya mini farashi ya canza, sai na cika wasu miliyoyi masu yawa.

Ni ba baƙon dala ba ne. Riɗinmu Japan da Turkiyya da Sin ake kai shi, zoɓonmu Meziko, duk da dala ake ciniki. Na san kwastan sun ɗaga farashin dalar da suke lissafin kuɗin fito da ita, wannan gaskiya ne, ban musa ba. Na ce wa manaja, “Ranka ya daɗe, kashi saba'in na ba ku tun watan Mayu, kuma kun ce mota tana hanya, wato kun riga kun biya ta. Ku lissafa mini ƙarin a kan kashi talatin da ya rage, da ƙarin kuɗin fito, zan biya yau.” Ya ce ba haka suke yi ba, gaba ɗaya farashin ake sabuntawa, ya buɗe shafi na biyar ya nuna wa ɗana layin. Na ce to a ba ni kuɗina. Ya ce za a cire wani kaso, sauran kuma sai ranar da aka sayar wa wani da motar. Wata uku kuɗina yana hannunsu suna juyawa, nairar ta zube, in na karɓa ko rabin motar ba zai saya ba. Sun san da haka. Na cika kuɗin ina ji ina gani.

A watan Oktoba aka ba ni mota, da ribon ja a goshi da mai hoto. Mako uku kacal na more ta. Muna dawowa daga Gujungu da yamma, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, motar ta yi nauyi, giya ta ƙi hawa. Da kyar muka lallaɓa muka shigo gari. Na kira su, aka ce kada in bari wani bakanike ya taɓa ta, ko kwamfuta aka sa mata a Kano garanti ya tashi. Ba su da reshe a Kano, ba su da ma'aikacin da za su turo. Da kuɗina na ɗauki babbar mota aka ɗora ta, sama da kilomita 400, direbana ya bi ta.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, kuma ba saboda ni ba. Direban nan shekararsa goma sha biyu tare da ni, dattijo ne mai iyali, da shi nake aika miliyoyi ban taɓa rasa sisi ba. Ya gaya mini ɗakin jira mai sanyi na masu mota ne, direbobi kuma bayan gini ake tura su, kusa da janareto, babu benci babu inuwa sai ta katanga. Tun ƙarfe tara yake tsaye har la'asar kafin wani ya zo da takarda. Kafin a buɗe gaban motar, kafin a jona mata komai, mutumin ya ce masa gurɓataccen mai ya zuba, ko kuma ya shiga ruwa da ita, don haka ba ruwan garanti. Bawan Allah nan ya kira ni muryarsa tana rawa: “Alhaji, wallahi a gidan man da muka saba na sha, rasit ɗin ma yana aljihuna, kuma rabon da a yi ruwa tun kafin a kawo motar.” Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na san shi. Amma ka yi tunanin direbobi nawa aka raba da abincinsu da irin wannan magana, saboda ubangida ya fi yarda da mai kwat.

Na je da kaina. Na ce idan mai ne, a ɗebi wanda ke tanki a gabana a kai gwaji, a ba ni sakamako a rubuce. Sai magana ta sauya, aka ce wata na'ura ce a giyabos, an yi odarta daga Dubai, mako biyu. Mako biyun nan ya zama goma sha ɗaya. Yaron da ya sayar mini da motar, mai kirana Ciyaman, ya daina ɗaukar wayata. Da na gan shi ido da ido ya ce shi ɓangaren sayarwa yake, in nemi ɓangaren gyara. Ɓangaren gyara su ce sai manaja, manaja kullum yana mitin. Sau huɗu ina zuwa Abuja, da kuɗin mai bayan cire tallafi, da kuɗin masauki, a tsakiyar kakar riɗi, lokacin da kwana ɗaya in ba ka kasuwa ka yi asarar da sai ka jima kana jinta. Ko sau ɗaya babu wanda ya ce mini yi haƙuri. Motar da za a ba ni in riƙa hawa kafin a gama, wadda aka yi mini alkawarinta da baki ranar shan shayi, aka ce ba ta cikin takarda.

A zuwana na huɗu na fita sallar azahar a wani ƙaramin masallaci da ke bayan layin. Wani matashi da rigar aiki mai baƙin mai ya biyo ni bayan an sallame, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, “Baba, ina ganin zirga-zirgarka, kuma ka yi kama da mahaifina. Don Allah kada ka ce ni na faɗa maka.” Shi ya buɗe mini ido. Ya ce kamfanin ba wakilin masu ƙera motar ba ne, sarowa suke daga dillalan Dubai kamar yadda kowa zai iya. Ba su da kwamfutar asali ta kamfanin da ya ƙera, idan gyara ya gagare su unguwar Apo da ke Abuja suke kai motar wurin kanikawan da suka hana ni zuwa irinsu a Kano. Takardar garantin da suka ba ni tasu ce, su suka buga ta, su ke fassara ta yadda suka so. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Shi kaɗai ne ya ɗauke ni mutum a wurin, kuma shi ne mafi ƙarancin albashi.

Ɗana ya kwafi lambar casis, mai haruffa da lambobi 17, ya aika wa ainihin wakilan masu ƙera motar. Suka amsa cewa ba ta hannunsu ta shigo ba, ba ta cikin motocin da suke wa garanti. Ya duba ɗan allon da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, inda ake rubuta wata da shekarar ƙira, sai ga shi ta girmi abin da ke kan rasit ɗina da shekara guda.

Ranar da aka ce in zo in ɗauka, direbana ya zaro ɗan littafinsa, domin shi mutum ne mai rubuta kilomita duk inda ya ajiye mota. An ƙara sama da 600. Daga wurin zuwa Apo da dawowa sau goma ma ba zai kai haka ba. Tankin da muka bari ya haura rabi ya koma ja. A ƙarƙashin kujerar baya muka tsinci murfin kwalbar lemo da wani ɗan kunne guda ɗaya na roba. A kan bonet kuma, in ka karkata ka duba ta gefen rana, ga sawun gam a jere inda aka liƙa ribon na ɗaukar amarya. Na kira manaja na sa yatsana a wurin. Ya ce gwaji ake yi wa mota bayan gyara. Na tambaye shi, da amarya ake gwajin? Ya juya ya hau bene.

Motata ta farko Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, na saye ta hannu wurin wani dillali a cikin birni, Allah ya jiƙansa. Ba shi da ofis sai benci a gindin dalbejiya. Kafin in biya shi ya ce mini, “Ƙanena, lagireto tana ɗan yoyo, kuma taya ɗaya ta baya faci ne, na rage maka kuɗinsu.” Da ta ba ni matsala bayan wata guda, da sassafe na ji sallama, shi ne da bakanikensa a bayan babur. Ya san za mu haɗu a masallaci, za mu haɗu a ɗaurin aure da jana'iza, kuma ya san akwai wata haɗuwar da ta fi waɗannan. Mu masu sayar da hatsi tun muna yara ake karanta mana hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mai sayar da abinci ya cusa hannu a cikin tsibin ya ji lema, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ni yau idan na aika riɗi waje aka auna aka ga ƙasa ko danshi ya wuce abin da muka yi yarjejeniya, ko a zabge mini kuɗi ko a bar mini kayana, kuma sunana ya ɓaci ke nan. Me ya sa mai sayar da motar da kuɗinta ya fi na tirelolin riɗi ba zai ɗauki irin wannan nauyi ba?

Na yi ta tunanin dalili, kuma ga abin da na fahimta. Yawancin waɗannan wurare ba da mu suke ci ba, da gwamnati suke ci. Gwamna ɗaya zai yi odar motoci da yawa a zama guda, na kwamishinoni da na sarakuna da na rakiya. A ƙarshen 2023, lokacin da nake sintiri a kan motata guda ɗaya, jaridu suka cika da labarin jif-jif da Majalisar Tarayya ke saya wa mambobinta, wakilai 360 da sanatoci 109, kowace mota ta haura naira miliyan 100. Mai irin wannan ciniki, idan motar ta lalace wa zai dawo ya yi ƙorafi? Kuɗin ba na aljihun mai hawa ba ne, sai a ajiye ta a sayo wata. Wanda ya saba da haka, ina zai ga ɗan kasuwa mai silifas da ke tambayar ina aka kai kilomita 600? Ga kuma yaran da ke sayarwa, kamasho ake ba su a kan abin da suka sayar, ba a kan wanda suka kula da shi bayan ya biya ba.

Mu ma muna da namu laifin, 'yan uwana 'yan kasuwar Arewa. Mun saba ciniki da baki da musafaha, sai mu kai wannan ɗabi'a wurin da takarda kaɗai ake ganewa. Kuma muna jin kunyar a ce an cuce mu. Da na fara ba da labarina a kasuwa, mutum uku a layinmu kaɗai suka ce an yi musu makamancinsa a wurare daban-daban, ɗaya a Legas, biyu a Abuja. Kowannensu ya ce Allah ya isa, ya sayar da motar da asara, ya ja bakinsa. Ni ban yarda wannan shirun haƙuri ne ba, domin shi yake ba su ƙarfin yi wa na baya. Duk mai niyyar sayen irin wannan mota, ya fara tambaya a ba shi shaidar wakilci daga masu ƙera ta, ya kwafi lambar casis ya bincika kafin ya tura ko naira ɗaya, kuma duk alkawarin da aka yi masa a kan kofin shayi ya ce a rubuta a sa hannu. Idan aka ce ba za a ba shi takarda ya je ya karanta ba, ya ɗauki hularsa.

Sai da abin ya same ni na san akwai Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma dokar ta hana a yaudari mai saye a kan abin da ake sayar masa, ta ba shi haƙƙin neman gyara ko canji ko a mayar masa da kuɗinsa idan kaya na da aibu. Mu a Kano mun fi sanin hukumar kare masu sayayya ta jiha da kama gurɓataccen abinci da magani, aiki ne mai kyau, amma ya kamata a riƙa yi wa mutane bayani da Hausa a rediyo cewa mota ma kaya ce. Na shigar da ƙorafina da rasit, da hoton allon ƙofa, da shafin littafin direbana, da amsar wakilan masu ƙera motar.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinku ya zaga irin waɗannan wurare a Abuja da Kaduna da Kano. Ya sa yadi da silifas ya shiga, ya ga yadda za a karɓe shi. Ya zaga baya wurin janareto ya zauna da direbobi, su ne suka san komai. Idan yana son ganin takarduna, ku neme ni ta lambar da na haɗo da wannan wasiƙa, zan nuna masa duka. Motar tana gida a rufe da tamfol, domin fitilar nan ta sake kamawa kwana tara bayan na karɓo ta, kuma lauya ya ce kada a taɓa ta sai an zo an duba. Tsohuwata ta Kwatano na koma hawa, da ita na je Maigatari ranar Alhamis ɗin da ta wuce.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar riɗi,
Kasuwar Dawanau, Kano.